Shin ya dace ɗalibi ya nemi mai zuba jari tun kafin ya samu masu saye?

Malami a sashen nazarin kasuwanci: Assalamu alaikum. Ina so in kawo wata magana gaban wannan zaure, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. A ganina, gasannin gabatar da shawarar kasuwanci da suka yawaita a jami'o'inmu sun fi koya wa ɗalibai tsara zance fiye da ciniki. Tun da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta wajabta darasin koyon sana'a, muna ganin yara suna shafe makonni suna gyara hotunan da za su haska a majigi, suna haddace jawabin minti biyar, alhali ba a taɓa samun mutum ɗaya da ya zura hannu a aljihu ya sayi abin da suke tallatawa ba. Idan gasa ta wuce, sai shawarar ta mutu tare da ita. Abin da nake cewa shi ne, kada ɗalibi ya tsaya gaban mai zuba jari sai yana da mutanen da suka saya, suka kuma dawo suka sake saye.

Ɗaliba a aji uku, mai sana'ar yaji da garin kunu: Wa alaikumus salam, Malam. Da girmamawa, ban gamsu da wannan sharaɗi gaba ɗayansa ba. Ni ina da masu saye, domin tun yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, nake daka yaji ina ƙullawa a leda ina kai wa ƙawaye da maƙwabta. Amma na kai inda ba zan iya wucewa da ribar da nake samu ba. Manyan kantuna ba sa karɓar kayan da ba su da lambar hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC, ita kuma lambar ba ta samuwa sai an zo an duba wurin da ake sarrafa kayan, kuma kicin ɗin mahaifiyata da ake girkin gida a cikinsa ba zai wadatar ba. Ina buƙatar ɗaki na musamman, da injin niƙa, da injin liƙe leda. Ɗalibar da ba ta da kawu mai kuɗi, a ina za ta haɗu da mai jari idan ba a irin waɗannan gasanni ba? Ni dai a wurin shirya wa gasa na fara zama na lissafa kuɗin barkono da citta da leda da na mota, har na gane ainihin abin da ke saura mini a kowane ƙulli.

Malami: 'Yata, ke ba ki cikin waɗanda nake magana a kansu, domin kin cika sharaɗin da na kawo. Damuwata tana kan wanda bai taɓa sayar da ko ƙulli ɗaya ba, amma yana rubuta cewa nan da shekara uku zai mamaye kasuwar Afirka ta Yamma.

Alhaji, ɗan kasuwa a Kantin Kwari: Ina tare da Malam, kuma zan faɗi dalilina daga abin da na tashi na tarar. Neman jari a wurin mai kuɗi ba baƙon abu ba ne a Kano, sai dai mu ba da baki ake yinsa ba. Yaro yana zuwa shago, ya yi shara, ya ɗauko dila, ya koyi bambanta yadi mai kyau da na jabu ta hanyar murza shi tsakanin yatsu biyu. Daga nan ubangida ya ba shi atamfa turmi kaɗan bashi, ya ce ya je ya sayar ya kawo uwar kuɗi. Idan ya kawo a ranar da aka yi alkawari, sai a ƙara masa, a haka har ranar da za a sallame shi ya buɗe nasa. Duk tsawon shekarun nan ubangida kallonsa yake yi, ya ga yadda yake riƙe amana da yadda yake yi ranar da kasuwa ta faɗi. Gani ya kori ji. Shi kansa Aliko Dangote, da ya fara kasuwanci a 1977, da rancen danginsa na wajen uwa ya fara, mutanen da suka san shi tun yana ƙarami. Ta yaya zan miƙa wa yaro miliyoyi don ya yi mini jawabi mai daɗi na minti biyar?

Ɗalibi a ajin ƙarshe, mai rubuta manhaja: Allah ya ƙara girma, Alhaji. Tsarin da kuka bayyana yana da kyau ga wanda yake da hanyar shiga shago, amma misalin Dangote da kuka kawo shi ne ainihin abin da ke damunmu, domin ba kowa ne jikan gidan Dantata ba. Bayan haka, akwai sana'ar da ba a iya ɗaukar turmi biyu a gwada. Mai gina manhajar biyan kuɗi yana kashe kuɗi wata da watanni kafin kobo ɗaya ya shigo, kuma hayar rumbun ajiyar bayanai a intanet da dala ake biyanta, ga shi tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 wannan nauyi ya ninka a kanmu. Kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Paystack, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015, ya shiga shirin Y Combinator na Amurka, mai zuba jari a sababbin kamfanoni, a 2016 yana ƙarami ƙwarai, kuma a watan Oktoban 2020 kamfanin Stripe ya saye shi a kan fiye da dala miliyan 200. Da an ce su jira sai ribar ciniki ta gina su, da wasu sun riga su cika kasuwar.

Malami: Ɗana, misalinka ya fi taimakona. Waɗannan mutane biyu sun daɗe da kammala Jami'ar Babcock, sun yi shekaru suna aikin rubuta manhaja kafin su kafa Paystack, saboda haka ba ɗalibai ba ne da ke jiran jarrabawar zango. Ko Mark Zuckerberg, da ake yawan kafa hujja da shi, ya buɗe Facebook a Jami'ar Harvard a watan Fabrairun 2004, kuma sai da shafin ya bazu zuwa wasu jami'o'i sannan mai zuba jari Peter Thiel ya zuba dala 500,000 a cikinsa.

Ɗalibi mai rubuta manhaja: Malam, waɗancan ɗaliban da suka cika Facebook a 2004 ba sa biyan ko sisi, amfani kawai suke yi da shi. Idan sharaɗin shi ne sai an samu wanda ya saya ya dawo, to Thiel ya karya shi.

Lauya mai aikin rajistar kamfanoni: Ku ba ni dama in shiga, domin ina ganin ana cakuɗa kuɗi iri uku a ƙarƙashin suna ɗaya, kuma wannan cakuɗawar ce ta fi cutar da ɗalibai. Akwai tallafi, wanda ba a mayarwa kuma ba a karɓar kaso a madadinsa. Irinsa ne dala 5,000 da Gidauniyar Tony Elumelu take bai wa waɗanda ta zaɓa, a shirin da ta fara a 2015 da alkawarin dala miliyan 100 ga 'yan kasuwa 10,000 cikin shekara goma. Wannan ban ga dalilin da zai hana ɗalibi nemansa ba, ko da kuwa bai fara ciniki ba. Akwai rance, wanda dole a biya ko an ci riba ko an faɗi. Sannan akwai sayar da hannun jari, inda mai kuɗi yake zama mai kaso a kamfanin, kamar yadda Y Combinator take karɓar kashi bakwai cikin ɗari a kan dala 125,000. A nan ne maganar Malam take da ƙarfi sosai, saboda wanda ya je neman jari ba shi da ciniki ba shi da abin da zai kare farashinsa da shi, sai ya ba da kaso mai yawa a kan kuɗi kaɗan, kuma kason da aka sayar ba ya dawowa da sauƙi.

Wani abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba shi ne, rajistar sunan kasuwanci da suke yi a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ba ta ba su hannun jarin da za su sayar, sai an yi rajistar cikakken kamfani. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa wannan, domin yanzu mutum ɗaya yana iya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Haka kuma dokar sababbin kamfanonin fasaha da Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a watan Oktoban 2022 ta tanadi cewa mai neman shaidarta ya kasance kamfani mai rajista da bai wuce shekara goma ba. Ke kuma ƙanwata, mai sayen hannun jari irin na Amurka yana jiran ranar da za a sayar da kamfanin ne ya ninka kuɗinsa sau da yawa, kuma sana'ar yaji, duk albarkarta, ba a gina ta don haka ba. Abin da ya fi dacewa da ke shi ne tallafi ko ƙiradi.

Alhaji: Barista ya zo inda nake so. Ƙiradi shi muka sani, kuma malamanmu sun karantar da shi a littattafan fiƙihu. Ni in kawo kuɗi, ke ki kawo aiki, mu yanka yadda za a raba riba tun farko, rabi da rabi ko kashi ɗaya cikin uku. Idan aka yi asara ba tare da sakaci ko ha'inci ba, kuɗina ne suka tafi, ke kuma wahalarki ce ta tafi. To tunda asarar a wuyana take, dole in ga littafi. 'Yata, kina rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita kullum, kuma kin raba kuɗin sana'a da kuɗin da ake turo miki na makaranta?

Ɗaliba: Ina rubutawa, Alhaji, kuma asusun bankin sana'ar daban yake da nawa. Amma ina roƙon Malam ya lura cewa shirin gasar nan da yake suka ne ya sa na buɗe littafin, kuma ba zan fasa shiga ta bana ba. Abin da nake so a gyara shi ne alƙalan, a riƙa zaunar da 'yan kasuwa irin su Alhaji a teburin, su tambayi ɗalibi rasit da sunan dillalin da yake saro kaya a wurinsa.

Malami: Wannan shawara zan kai ta gaban sashenmu, ko da yake ina nan a kan cewa wanda bai sayar da komai ba bai kamata a ba shi makirufo ba. Idan kuma ku da Alhaji kun daidaita, Barista ya rubuta muku yarjejeniya da shaidu, kuma a sa a ciki wanda zai riƙe sana'ar a makonnin jarrabawa, domin kina da sauran zango uku kafin ki kammala.