Neman shawara: wutar fitilun Nixie na zubewa, MOSFET na zafi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa agogo da fitilun Nixie guda huɗu, wato fitilun gilashi masu nuna lambobi, samfurin IN-12 na zamanin Tarayyar Sobiyet. Sai wajen volt 170 suke kamawa, ni kuwa adafta mai volt 12 gare ni. Na yi na'urar ɗaga wuta da NE555 (ƙaramin IC mai ba da bugun wuta), da MOSFET IRF740 (transistan da ke kunna wutar da kashe ta), da diyod 1N4007, da wani ɗan koyil kore mai kama da resista, 100µH. In ba lodi, wato ban jona fitilun ba, mita na nuna volt 180. Da zarar na jona fitilun sai ta zube zuwa 120, MOSFET ɗin kuma ya ɗau zafin da yatsa ba ya zama a kansa. Don Allah ina matsalar take?

Mai gyaran talabijin: Wa alaikumus salam. Ƙanena, fara cire 1N4007 ɗin nan. Don wutar gida mai 50Hz, wato mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, aka yi shi, kai kuwa kana kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa. Ba ya rufewa da wuri, sai wuta ta komo baya ta bi ta MOSFET. Sa UF4007. Kamarsu ɗaya a ido, amma shi cikin nanosakan 75 yake rufewa. Ko FR107 na cikin tsofaffin caja ya fi wanda ka sa.

Injiniya: Gaskiyar Oga ce, amma ni koyil ɗin na fi zargi. Fitila ɗaya na jan kamar 2.5mA, huɗu 10mA ke nan, wato wat 1.7. Kamar ba komai, sai dai ninka 12 zuwa 170 ya haura sau goma sha huɗu, don haka a kowane bugu koyil na haɗiyar wuta mai yawa lokaci guda. Wannan ɗan koren bai kai ba. Da ya ƙoshi, wato wutar ta fi ƙarfinsa, sai ya koma waya kawai, MOSFET ya sha duka. Nemi wanda aka naɗa da waya mai kauri, mai ɗaukar amp 1 zuwa 2. Ka kuma gajarta wayoyin da ke tsakanin MOSFET da diyod da kafasita, ka kama su da dalma sosai.

Wani memba: Malam, me zai hana ka sayi haɗaɗɗiyar na'urar ɗaga wuta ka huta?

Mai gyaran talabijin: Koyo yake yi, a bar shi. Amma ƙanena, kafasitar fita kada ta gaza volt 250, kuma ka ɗaura mata resista 1MΩ tsakanin ƙafafunta, domin tana riƙe wuta ko an zare adafta. Auna da mita kafin ka taɓa, da hannu ɗaya.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya ƙara sani. To 180 ɗin da nake gani in ba lodi fa?

Injiniya: Da ka gyara waɗannan, za ta wuce haka har ta fasa kafasita in ba abin da ke tsare ta. Ɗebo kaɗan daga wutar fita ta resista biyu, ka ba ƙaramin transista irin BC547, shi kuma ya ja ƙafa ta 5 ta NE555 ƙasa duk lokacin da wuta ta haura 170. Kada ka manta kowace fitila da nata resistan, kamar 15kΩ.