Rufin Aji Uku Ya Tashi, Wa Zai Mayar?

Tsohon Hedimasta:
Assalamu alaikum. Iskar farkon daminar bana ta kwashe rufin ajin 'yan aji uku a firamaren garinmu, wadda na fara koyarwa a cikinta tun shekarar da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, a 1976, kuma yau sati shida ke nan yaran suna ɗaukar darasi a gindin darbejiya, da hadari ya haɗo sai a sallame su. An kira taron kwamitin kula da makaranta sau biyu. Mutum huɗu suka zo na farko, na biyu kuwa ni da mai gadi muka zauna. Na buɗe da ƙwar huɗu, babban amsa-amo "ra", duk mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Rabbu zan fara,
Ya ba ni basira in tsara,
Batun da ya dami karkara,
Rufin da ya bar kan yara.

Murhu dai dutsensa uku ne,
Hukuma ɗaya, malam biyu ne,
Na ukunsu uwa da uba ne,
Tukunyar kansu kuwa yara.

Idan ɗaya ya zame gefe,
Tukunya sai ta kife,
Wutar da ka hura da safe,
Ta zam toka da asara.

Iyaye na kira ku taro,
Kun ce kuna noman gero,
Ɗiyanku a inuwa da tsoro,
In hadari ya yi sai kora.

Uwar Biyar:
Baba Hedimasta, ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma. Ban so in mayar wa babba magana ba, amma tarukan nan biyu duk ranar Alhamis aka sa su, ranar da kasuwar Maigatari take ci, rabin mazan gari sun bi motocin dabbobi, mu mata kuma ba wanda ya aiko mana ko da yaro, alhali tsarin kwamitin ya tanadi kujerun mata har da na ɗalibai. Ina cikin matan da suka yi girki a shirin ciyarwa na gwamnatin tarayya da aka fara a 2016, lokacin da ake lissafa naira 70 a kan kowane yaro daga aji ɗaya zuwa aji uku, kuma da idona na ga yadda aji yake cika ranar da aka sauke tukunya.

Baba ka kira mu dutse,
To dutsen nan yana a matse,
Kar ka yi mana zancen gatse,
Mu muka ɗau cikin yara.

Lokacin da ake dafawa,
Ba mai kai yaro da tsawa,
Yau ciki na kukan yunwa,
Kana so yaro ya jira?

Tallan 'yata kayan ɗaki,
Shi ne kwano ranar biki,
Mai zaginsa yana da aiki,
Albashi na zuwa ya tara.

Ɗan Ofis:
Hajiya, a yi haƙuri. Ina aiki a sashen ilimi na wata ƙaramar hukuma, ba taku ba, don haka zan faɗi yadda abin yake tafiya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, ta kuma ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin wannan aiki, amma jiha ba ta taɓa kasonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. Daga nan ne a jera makarantu, a ba da kwangila. Ƙananan gyare-gyare kuwa, dalilin kafa kwamitin makaranta ke nan. Dokar ba ta bar iyaye ba, domin wanda ya ƙi kai ɗansa, karon farko gargaɗi ne, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya.

Hajiya ki sassauta harshe,
Takarda na da farko da ƙarshe,
Kar ki ce rijiya ta bushe,
Guga ne dai yake jira.

Tushen kuɗin yana Abuja,
Hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya ce ke riƙe da hujja,
Jiha ta zuba nata ta ja,
Sannan a zo a yi gyara.

Doka ta ce ka kai ɗanka,
In ka ƙi a ci ka tararka,
Bandir guda ya fi ƙarfinka,
Amma aure kana ƙara.

Ɗalibin Aruli:
Yallaɓai Ɗan Ofis, ranka ya daɗe, ina da gyara. Ɗangon farko na baitinka na biyu gaɓa tara ne, wanda ya bi shi kuwa na ƙirga sau uku na sami gaɓa ashirin, kuma babu numfashin da zai rera wannan ba tare da ya tsaya shan ruwa ba.

Yallaɓai ɗangonka ya zarce,
Daga kan hanya ya kauce,
Ma'auni ne ka mance,
Ko wasiƙar ofis ka tsara?

Ɗan Ofis:
Sunan hukumar ne yake da tsawo, kuma ba ni na raɗa mata ba. Idan ɗalibi yana da guntun suna sai ya aika Abuja a sauya.

Tsohon Hedimasta:
Ɗana, ƙirga gaɓa da yatsu ba shi ne aruli ba. Ana auna waƙa da nauyin gaɓa, mai nauyi da marar nauyi, kuma a wasu karuruwan gaɓa mai nauyi ɗaya takan tsaya a gurbin marasa nauyi biyu, shi ya sa ɗango biyu za su bambanta a ƙidaya amma su zo daidai a kunne. Duk da haka na yarda cewa babu zihafi, wato sassaucin da ma'auni ya yarda da shi, da zai ceci wancan ɗango. A koma kan rufi.

Ɗalibin Aruli:
Na gode da karatu, Baba. Tun da an buɗe littafin, a yi mini izini in ce baitinka na murhu ma yana ɗingishi, domin "uku ne", "biyu ne", "uba ne" ba amsa-amo ba ne, kalma ɗaya ce aka jera sau uku, idan aka cire ta babu abin da ya haɗa uku da uba.

Tsohon Hedimasta:
Yaro na koya maka baƙi,
Kafin ka san wasali da baƙi,
Yau ni kake wa yaƙi,
Da sandar da na sara.

Ɗalibin Aruli:
Baba, "baƙi" ma sau biyu ta zo.

Malamar Asibiti:
Na dawo daga zagayen rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda muke bi gida gida muna ba yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, wata wata daga Yuli zuwa Oktoba, sai na tarar an bar yara ana faɗa a kan gaɓa. A zagayen nan muna ɗaura igiyar awo a damtsen yaro, idan ta nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ta yi tsanani, kuma ƙanen da muka auna yau shi ne ɗan aji ɗayan jibi. Ina tuna wa Baba da Yallaɓai cewa a 2003 an dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda rashin yarda, ba a dawo da shi ba sai 2004, kuma abin bai miƙe ba sai da sarakuna, hakimai, dagatai, masu unguwa da limamai suka shiga gaba, har aka kai ga shaidar kawar da ainihin ƙwayar cutar da aka ba nahiyar Afirka a watan Agusta na 2020.

Ku bar faɗa a kan ɗango,
Ga yaro zaune jikin bango,
Tamowa ta yi masa zango,
Damtse ya koma kamar kara.

Shan inna da ya addabe mu,
Ɗigo kaɗai ne ya cece mu?
Sai da sarki ya zo gidanmu,
Liman ya hau mumbari ya ƙara.

Mu ba ma aika takarda,
Gida gida muke bi mu tarda,
Uwa a tsakar gida ta yarda,
Ku gwada irin wannan dabara.

Alaramma:
Allah ya gafarta Malam Hedimasta, ka ƙirga duwatsu uku ka tsallake mu. Ina da almajirai a zaure waɗanda ba su da rufin da iska za ta ɗauka. Na ji an kafa hukumar kula da almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta a 2023, muna yi mata fatan alheri, amma maganata da iyaye ce.

Malam ka ƙirga uku ka tsaya,
Ka tsallake dutsen tsangaya,
Uba ya kawo ya juya baya,
Sai a ce ni na koya bara.

Dami ɗaya ba ya aikowa,
Shekara ba ya leƙowa,
In hukuma ta zo kamawa,
Da alaramma za a fara.

Masoyin Bamaina:
Tun da ana maganar hukuma, adalci ne a ambaci wanda ya yi. Sule Lamido ya mulki Jigawa daga 2007 zuwa 2015, a zamaninsa aka mai da karatun 'ya'ya mata kyauta, aka kuma kafa jami'ar jiha a Kafin Hausa.

Ku ba ni fili in yabi gwarzo,
Na Bamaina sarkin ƙwazo,
'Ya mace kyauta ya ce ta zo,
Karatu ba kuɗi ba tara.

Ɗan Babura:
A ƙarshen 2021 Gwamna Badaru ya sa hannu a dokar kare yara ta jihar Jigawa, bayan dokar tarayya ta 2003 ta daɗe tana jiran jihohi.

Mai yabon jiya sannu sannu,
Kar ka sayar mana tsoffin shanu,
Na Babura shi ya sa hannu,
A dokar kare yara.

Masoyin Bamaina:
Doka a durowa tana barci,
Ba ta zama allo ko abinci,
Mu aiki muka gani na mutunci,
Ku kalkuleta kuka tara.

Tsohon Ɗan Santsi:
Dukkanku yara ne. Kafin a yanke Jigawa daga Kano a 1991, Abubakar Rimi ya hau mulki a 1979, ya soke haraji da jangali, ya kafa hukumar yaƙi da jahilci har magidanta suka koma aji da yamma. Ba ni da ƙwar huɗu, ga ƙwar biyu.

Rimi ya koya wa tsoho baƙi da fitila,
Ku kun kasa ɗora kwano a kan yara.

Ɗalibin Aruli:
Baba Ɗan Santsi, sharaɗin ƙwar huɗu aka gindaya.

Uwar Biyar:
Jiya da la'asar an yi ruwa, allon ajin ya jiƙe har baƙin fentinsa ya zubo, littattafan da ke cikin kabad kuma malamar ajin ce ta kwashe su a zaninta ta kai gidan maƙwabta. Yallaɓai Ɗan Ofis, maganarka ta ƙarin aure ta sami wasu, ban musa ba, amma ka kai ta majalisar maza.

Kun yabi Bamaina kun yabi Babura,
Wani ya tono Rimi ya ƙara,
Yabo bai tare ruwan da ya kwarara,
Kan littafin 'yata ba, hattara.

Ga tawa nan, ba ta da ado,
Mu mata muna da adashi da ɗan ƙoƙo,
Kwano biyu mun ɗauka mu kawo,
Maza sai ku faɗi abin da kuka tara.

Ɗan Ofis:
Idan kwamitin ya zauna ya rubuta buƙatarsa, shugabansa da shugaban makaranta suka sa hannu, aka haɗa da hoton ajin, takardar takan fi saurin tafiya fiye da koken mutum ɗaya. Wannan shawara ce, ba alƙawari ba.

Tsohon Hedimasta:
'Yata Uwar Biyar, na karɓi laifin Alhamis, ni na zaɓi ranar domin na manta cewa ɗan fansho kaɗai ne ba shi da kasuwa. Ajin nan da ake magana, da aikin gayya aka ɗaga bangonsa na farko, kowane gida ya kawo tubali, magina suka yi kyauta, hukuma ta zo daga baya da kwano da kujeru. Alaramma, na ƙara dutse na huɗu ko da tukunyar za ta yi gefe.

Mai Unguwa:
A gafarce ni, kwana uku wayata tana wajen mai caji, yanzu jikana ya karanta mini komai. Na kai maganar gaban Dagaci, Allah ya ja zamaninsa, ya ce a zauna ranar Juma'a bayan la'asar a harabar makarantar, mai shela zai zaga daren Laraba, Malamar Asibiti kuma ta taimaka ta sanar da mata a zagayenta. Kafinta ya duba ya ce bandir uku zai isa, amma katakon ma gara ta ci rabinsa. Ban iya waƙa ba, ga abin da ya samu.

Juma'a bayan la'asar,
Kowa ya zo har mai nisa,
Mai kwano, mai ƙusa,
Kowa ya kawo nasa da wuri.

Ɗalibin Aruli:
Ranka ya daɗe, da girmamawa, "wuri" ba "ra" ba ce.

Uwar Biyar:
Ƙanena, ranar Juma'a ka zo da wuri, akwai tsani yana neman mai riƙewa.

Kai mai awon gaɓa da ɗango,
Zo ka auna mana tsawon bango,
In kafinta ya hau ya yi zango,
Ka riƙe tsanin, ka bar gyara.