Lambar F10.2 a rahoton lafiyar ƙanena, mu miƙa haka?

Abu Hanif: Assalamu alaikum. Ƙanena ya yi fama da shan giya, amma yau shekara biyu ko ɗigo bai kai baki ba. Wani kamfani ya nemi rahoton lafiyarsa kafin ya ɗauke shi aiki, da muka karɓo sai muka ga likita ya rubuta F10.2. Mu koma a gyara ko mu miƙa haka? Jibi za a rufe karɓa.

Ɗan Fagge: Ya yawaita istigfari, ya rabu da abokan Sabon Gari.

Abu Hanif: Malam, ya rabu da su tuntuni. Maganar takarda nake.

Anti Nas: A kundin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wato ICD-10, F10.2 na nufin giya ta kama mutum har ba ya iya rabuwa da ita. Lambar ba ta nuna ya daina ba. Ku roƙi likitan ya mayar da ita F10.20, wato yanzu ba ya sha.

Ɗan Kwamfuta: Anti, a yi haƙuri, F10.21 ce. Ina shigar wa wani kamfanin inshorar Amurka bayanai, a wajensu ita ce ta wanda ya daina.

Anti Nas: Ɗana, wannan kundin Amurka ne. A namu F10.21 ta wanda ya daina ne saboda yana killace, a asibiti ko gidan yari. Shekara ashirin ina aikin jinya.

Baban Gwale: F10 kuma? Ni a sanina faɗuwa a F9 take tsayawa.

Maman Iman: Abin ba na dariya ba ne. Yayana shekara huɗu da tuba, an sa ranar aurensa, har an kai lefe. Wani mai ɗauko fayil a asibitin da yake zuwa ya leƙa, ya kai wa dangin yarinyar. Aka dawo mana da akwatuna da rana tsaka, unguwa na kallo. Dubu goma sha biyar muka biya aka sake rubuta rahoto, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Har yau ba ya son fita masallacin layinmu.

Ɗan Fagge: Dubu goma sha biyar? An cuce ku, Hajiya. Ni biyar na biya.

Maman Iman: Kai kuɗin kawai ka ji?

Ummu Sadik: Wallahi sirrin mara lafiya ba ya da daraja. Ni a gaban layin mutane aka ɗaga murya aka faɗi sakamakon gwajina, maƙwabciyata na zaune a benci.

Abu Hanif: Jama'a, F10.20 zan ce wa likitan ko F10.21?

Ummu Sadik: Kuma da na yi magana, cewa aka yi in ba ni da haƙuri in tafi asibitin kuɗi.