Me ya hana jiragen ruwan yaƙin Amurka shiga Bahar Aswad?

Ɗalibin Siyasa:
Assalamu alaikum. Jama'a, akwai abin da ya ɗaure mini kai. Tun da Rasha ta auka wa Ukraine a Fabrairun 2022, ba a ƙara jin jirgin yaƙin Amurka ko na Birtaniya ya leƙa Bahar Aswad ba, alhali Turkiyya da Romaniya da Bulgeriya duk 'yan NATO ne, kuma a bakin tekun suke. An ce wata yarjejeniya ce ta hana. Wace ce? Kuma in ta ɗaure NATO, ita Rasha fa?

Mai Taswira:
Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, fara da duba taswira. Ƙofa ɗaya ce ke shiga Bahar Aswad daga Bahar Rum: mashigin Dardanelles, sai tekun Marmara, sai mashigin Bosphorus da ya ratsa tsakiyar Istanbul. Tsawon Bosphorus kimanin kilomita 30 ne, kuma a inda ya fi tsukewa faɗinsa wajen mita 700 ne kawai. Gaɓa biyun duk na Turkiyya ne.

Yarjejeniyar ita ce ta Montreux, wadda aka sa wa hannu ranar 20 ga Yulin 1936 a Siwizalan. Ta bar wa jiragen kasuwanci hanya a buɗe, ta kuma raba jiragen yaƙi gida biyu: na ƙasashen bakin tekun (yau su shida ne: Turkiyya, Rasha, Ukraine, Romaniya, Bulgeriya, Jojiya) da na baƙi. Ko a lokacin zaman lafiya, baƙo a takure yake. Sai ya sanar da Ankara tun da wuri. Ƙa'ida kwana 8 ce, amma an so baƙi su ba da kwana 15. Jiragen yaƙin waje da ke ratsa mashigin a lokaci guda kada su wuce tara, nauyinsu gaba ɗaya kada ya haura tan 15,000. In sun shiga, kwana 21 ne iyakar zamansu. Jimillar nauyin jiragen baƙi a cikin tekun ba ta wuce tan 45,000, kuma ƙasa ɗaya ba za ta cinye fiye da kashi biyu cikin uku na wannan ba. Jirgin ƙarƙashin ruwa na baƙo kuwa ba ya shiga sam.

Shi ya sa ko kafin yaƙin ba a taɓa ganin jirgin dakon jiragen sama na Amurka a can ba. Guda ɗaya ya kai tan 100,000. A 2008, bayan yaƙin Jojiya, manyan jiragen asibitin Amurka ma nauyi ne ya hana su, sai ƙanana aka tura da kayan agaji. Amurka ba ta cikin ƙasashen da suka sa hannu, amma tana bin ƙa'idar, tunda mabuɗi ba a hannunta yake ba.

Malama Mai Bin Diddigi:
Malam Mai Taswira ya kawo dokar zaman lafiya, amma abin da aka tambaya yana cikin sashe na 19 ne. Sashen ya ce in ana yaƙi kuma Turkiyya ba ta ciki, jiragen ƙasashen da ke yaƙin ba za su ratsa ba, sai wanda zai koma sansaninsa na asali. Shi ya sa kalmar "yaƙi" ta zama abin lura a kwanakin farko, domin Moscow cewa take "aikin soja na musamman". Ranar 27 ga Fabrairu Ankara ta ce a wurinta yaƙi ne, washegari ministan harkokin waje na lokacin, Mevlut Cavusoglu, ya ce an gargaɗi kowa, na bakin teku da baƙi, kada su nemi wucewa da jirgin yaƙi.

To a nan gizo ke saƙa. Sashe na 19 Rasha da Ukraine ya ɗaure, bai ɗaure Amurka ko Faransa ba, tunda ba su cikin yaƙin. Cikakken ikon hana kowa yana cikin sashe na 20 da na 21 ne, wato in Turkiyya na yaƙi ko tana ganin yaƙi na dab da ita, kuma ba ta ayyana ko ɗaya ba. Ke nan abin da ya tsare jiragen NATO gargaɗi ne na siyasa, su kuma suka ga bai dace su gwada ba.

A ganina Rasha ce ta fi jin jiki. Da jirginta Moskva ya nutse ranar 14 ga Afrilun 2022, 'yan'uwansa biyu, Varyag da Marshal Ustinov, suna nan a Bahar Rum, amma babu damar shigo da su, don ba a Bahar Aswad sansaninsu yake ba. Duk babban jirgin da ta rasa, ta rasa ke nan. Ukraine ma ta ɗanɗana: a Janairun 2024 Turkiyya ta ce jiragen share nakiyoyi biyu da Birtaniya ta ba ta ba za su wuce ba. A watan ne Turkiyya da Romaniya da Bulgeriya suka kafa rundunar share nakiya ta su uku, ba baƙo a ciki.

Mai Ja:
Malama, na yarda da ke a kan sashe na 19, amma kin sa ƙofar ta yi kamar ba ta yoyo. Tana yi, ta wuri biyu. Na farko, jirgin kasuwanci yana wucewa ko da kayan soja ya ɗauko, kuma da irin waɗannan jirage Rasha ta daɗe tana jigila tsakanin tasharta ta Novorossiysk a Bahar Aswad da Tartus na Siriya. Na biyu, tana da ƙofar baya: ƙananan jiragenta na iya fitowa daga tekun Kasfiyan ta magudanar Volga-Don su faɗa tekun Azov, ba ruwansu da Istanbul.

Wasa da suna ma tsohon abu ne. Tarayyar Sobiyet ta gina jiragen dakon jiragen sama Kiev da Admiral Kuznetsov a birnin Mykolaiv na Ukraine, ta kira su manyan jiragen sintiri masu ɗaukar jiragen sama, don yarjejeniyar ta bar su su wuce, ta kuwa fitar da su ta mashigan a 1976 da 1991. Ankara ta kau da kai, domin in aka buɗe yarjejeniyar don gyara, ba ta san abin da za ta rasa ba. Ba ta manta matsin da shugaban Sobiyet Stalin ya yi mata a 1946 kan mashigan ba, wanda yana cikin abin da ya tura ta NATO a 1952.

Ɗalibin Siyasa:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Saura ɗaya: magudanar da Erdogan ya ce zai haƙa a gefen Istanbul za ta rusa duk wannan?

Mai Taswira:
Da wuya. Magudanar da ya sanar a 2011, mai tsawon kusan kilomita 45, Bosphorus kaɗai za ta kauce wa. Jirgin da ya taso daga Bahar Rum dole ya bi Dardanelles da Marmara, su ma suna cikin Montreux. Kuma iyakar kwana 21 da ta tan 45,000 a kan zama cikin tekun suke, ba a kan hanyar da aka bi aka shiga ba. Duk da haka batun ya tayar da ƙura a cikin gida: a Afrilun 2021 tsofaffin manyan hafsoshin sojan ruwa 104 suka fitar da wasiƙar gargaɗi kan taɓa yarjejeniyar, aka tsare goma daga cikinsu.