Wace kyauta zan yi wa malaman yarana da naira 15,000?

Assalamu alaikum. Don Allah a taimaka min da shawara, kaina ya ɗaure.

Yarana uku ne a firamare nan Bauchi, da yamma kuma suna zuwa Islamiyya. Malaman da ke ɗawainiya da su bakwai ne, mata huɗu, maza uku. Zango ya kusa ƙarewa, abin da na iya warewa naira 15,000 ne kacal.

Bara kofunan shayi masu murfi na saya a kasuwar Wunti. Ashe iyaye da yawa irinsu suka kai. Autata ta dawo tana ba ni labari wai ta ga guda biyar jere a kan teburin malamarsu, har biyu kala ɗaya da nawa. Kunya kamar in nutse. Kafin nan na taɓa sa kuɗi a ambulan, malamin hadda ya maido min ta hannun yaron, ya ce ba a gama jarrabawa ba, kada a yi masa wata fassara. Gaskiyarsa ce, amma ban ji daɗi ba.

Jiya na sake zagaya kasuwa. Atamfa ta fi ƙarfina. Turaren wuta zai yi wa matan, to mazan fa? Hula ban san awon kansu ba. Na taya dabino da zuma, sai dai ina tsoron zumar da aka cakuɗa da sukari.

Wane abu ɗaya ne da bai wuce naira 2,000 ba, wanda zai amfani malami da malama, kuma ba zai yi kama da toshiyar baki ba?