Muhawara: A kashe fitilun sama da rana ko a bar su?

Autan Ofis: Salamu alaikum. Ni dai ina nan kan bakana, dogayen ƙwayayen fitilar nan na sama su ke sa mu ciwon kai. A kashe su da rana, hasken taga ya ishe mu. Kafin la'asar idona ya yi ja kamar gauta.

Baba Akanta: Wa alaikumus salam. Yaro, kai da ke zaune gindin taga dole ka ce haka. Zo kusurwata ka karanta lambar bauca a kwafin kabon da ya dushe, sannan mu yi magana.

Hajiya Sakatariya: Baba, a yi haƙuri, amma yaron nan bai yi ƙarya ba. Fitilar da ke bayana tana faɗowa tsakiyar sikirin ɗina, sai na karkata kai nake ganin rubutu. Wuyana ma ya fara ciwo.

Mai Sito: A jefa ƙuri'a mana. Mu shida ne, mafi rinjaye su yi nasara.

Baba Akanta: Ƙuri'a? Ku huɗu matasa ne. Ai an gama zaɓen tun ba a fara ba.

Injiniya: Ranka ya daɗe Baba, ba za a yi maka haka ba. Idon mai shekara 60 yana shigar da kusan kashi ɗaya cikin uku ne na hasken da idon ɗan shekara 20 yake shigarwa, saboda ƙwayar ido tana ƙanƙancewa, madubin ciki kuma yana dusashewa. Ba rigima Baba ke yi ba, da gaske yake. Ƙa'idar Turai ta hasken wuraren aiki ma ta ce teburin karatu da rubutu ya samu laks 500, laks kuwa shi ne ma'aunin yawan hasken da ke sauka a wuri. Kusurwar Baba idan an kashe fitila, musamman lokacin hazon hunturu, ina shakkar ta kai ko kusa.

Autan Ofis: To ciwon kan nawa fa, mafarki nake?

Injiniya: A'a ƙanena. Amma ba yawan hasken ba ne kaɗai. Fitilun namu masu tsohon cok ne, wato 'yar na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga ƙwan fitila. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, don haka irin wannan ƙwan yana ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa. Ido bai cika gani ba, amma wasu mutane suna jin sa a kai. A 1989 an yi bincike a wani ofis a Ingila, da aka canza cok ɗin da na zamani mai saurin gaske, masu kukan ciwon kai suka ragu sosai. Ga kuma ƙwayayen namu irin fari fat ɗin nan ne, 6500K a ma'aunin launin haske. Mai 4000K ya fi laushi a ido.

Hajiya Sakatariya: Ni kuma fa?

Injiniya: Hajiya, ke teburinki za a juya. Kada fitila ko taga ta kasance daidai bayanki ko gabanki, ta zo daga gefe.

Mai Sito: Duk wannan bayani, makunni ɗaya ne ke kunna ɗakin gaba ɗaya. Nan gizo ke saƙar.

Injiniya: Gaskiyarka. A raba layi biyu, na taga da na ciki. Aikin awa ɗaya ne ga mai gyaran wuta. Baba kuma a saya masa fitilar tebur mai caji, ko an ɗauke wuta ba ruwansa.

Autan Ofis: Na yarda da raba layin. Amma ban janye ba, layin taga a kashe zai riƙa wuni.

Baba Akanta: Ka kashe abinka. Sai dai ku rubuto takarda zuwa ga oga, don ba zan fitar da ko sisi ba sai da sa hannunsa. Hajiya, ki buga mana ita gobe da safe.