Wane tanadi ya kamata magidanci ya yi kafin ambaliya da yankewar ruwa da wuta?

Magidanci daga Haɗeja:

Assalamu alaikum. Gidana yana kusa da kogi, kuma duk shekarar da ruwa ya yi yawa a madatsun Tiga da Challawa, ga ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, mukan kwana cikin fargaba har damina ta wuce, musamman tun bayan ɓarnar da ambaliyar 2022 ta yi a Jigawa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga wannan hali game da abin da ya fi cancanta mai ƙaramin ƙarfi ya fara tanada wa iyalinsa.

Mazaunin Maiduguri:

Wa alaikumus salam, Malam. Lokacin da madatsar Alau ta fashe a watan Satumba na 2024, ruwa ya shigo unguwanni irin su Gwange cikin dare, mutane da yawa suka fita da kayan jikinsu kawai. Saboda haka ina ganin abu na farko shi ne jaka guda wadda kowa a gidan ya san inda take rataye, a sa takardun gida da na makarantar yara da katin shaidar ɗan ƙasa cikin leda mai kauri a ɗaure bakinta, tare da maganin mai hawan jini ko ciwon suga, da tocila, da ɗan kuɗi a hannu, domin idan layin waya ya ɗauke, kuɗin da ke banki ba zai saya maka ko burodi ba. Haka kuma ku yanke shawara tun yanzu a kan gidan ɗan'uwan da za ku nufa a kan tudu, kuma a kashe wutar gida daga babban makunni kafin a fita.

Ma'aikaciyar lafiya:

Abin da yayana na Maiduguri ya faɗa gaskiya ne, sai dai ni zan sa ruwan sha a gaba, domin ambaliya takan haɗa masai da rijiya, kuma daga nan ne amai da gudawa ke ɓarkewa bayan ruwa ya janye. Ma'aunin da masu aikin agaji ke bi shi ne lita 15 ga mutum guda a rana, na sha da girki da tsafta, wato jarka mai lita 25 ba ta isar mutum biyu. Mutane da yawa suna zaton idan alum ya kwantar da laka ruwa ya gyaru, alhali bai kashe ƙwayoyin cuta ba. Dole a tafasa shi, ko a sa maganin kulorin bisa ƙa'idar da ke jikin kwalinsa a jira minti 30. A ajiye ƙullin ORS a gida, wato garin gishiri da suga da ake jiƙa wa mai gudawa. Idan babu, ana haɗa ƙaramin cokali shida na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, a riƙa ba mai gudawa yayin da ake hanyar asibiti.

Wani dattijo daga Kano:

Ko ba a yi ambaliya ba, rashin wuta kaɗai yana jawo ƙishirwa. A watan Oktoba na 2024, da manyan layukan lantarki suka lalace Arewa ta shafe kwanaki cikin duhu, rijiyoyin burtsatse masu aiki da wuta sun tsaya, 'yan ga-ruwa kuma suka ƙara kuɗin jarka. Wanda ya saba cika randuna da durom tun wuta tana nan bai sha wahala sosai ba. Game da abinci, a tanadi wanda ba ya buƙatar firji ko doguwar dahuwa, kamar garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino, da buhun gawayi a ɗora a wurin da danshi ba ya kaiwa. Ina kuma roƙonku, 'ya'yana, kada a kunna janareto a cikin ɗaki ko a soro a rufe ƙofa saboda tsoron ɓarayi, domin hayaƙinsa yana kashe mutane suna barci.